Langa Mai Jan Fure

Har yau langar tana nan a saman kabad ɗina. Wanda ya gan ta yanzu ba zai yarda ta taɓa yin fure ba. Da tana da shi, ja, uku a jiki, ɗaya a murfi. Ni na goge su da hannuna, da toka da yashi, kuma dalilin gogewar nake so in rubuta tun da sauran masu tunawa.

Ni mace ce mai yawan damuwa, tun ina yarinya. Idan na rufe ƙofa sai na koma na taɓa sakata sau biyu. Idan na yi alwala sai in tsaya ina kokwanto ko na wanke gwiwar hannu. Karatuna bai wuce aji shida na firamare ba, amma malaminmu ya taɓa cewa babu mai goge rubutu kamata, don sai na huda takarda kafin in yarda harafin ya yi daidai. Na faɗi wannan ne don a san irin wadda aka ba wa aikin da zan ba da labari.

A unguwar Moduganari muke, a wani layi mai gidaje kaɗan, famfo ɗaya a bakinsa. Mijina wankin hula yake yi a kasuwa. Mahaifiyarsa tana zaune tare da mu, duk layin Kaka suke ce mata, ni ma haka nake kiranta tun da na yi haihuwar fari. Idanunta sun riga sun dushe, tana gane rana da inuwa ne kawai, gwiwoyinta kuma ba sa kai ta nesa da zaure. Langar tata ce, tun ta kayan aurenta.

A layinmu akwai al'adar kwanon Juma'a. Kafin a tafi masallaci kowane gida zai zuba abin da ya dafa ya aika maƙwabta. Wanda aka aika wa ba ya mayar da kwano wofi. Bayan la'asar zai zuba nasa ya mayar, ko ɗan kaɗan ne. Ba yawan abincin ake dubawa ba. Mayar da kwano babu komai zagi ne, mayar da abinci ba a taɓa ba kuwa ya fi zagi. Lokacin zaman lafiya yara ke yawo da kwanukan. Da fitina ta zo, aka hana babura, aka sa dokar hana fita, wani lokaci waya ma ta ɗauke, sai muka daina aiken yara ko nan da can. Mu mata muka koma ɗauka da kanmu. Gidaje da yawa sun tashi. Maƙwabciyarmu Inyamura mai sayar da manja da busasshen kifi, wadda miyar ganyenta Kaka ke jira duk Juma'a, ta kwashe 'ya'yanta ta koma garinsu tana kuka, ta bar wa Kaka makullin ɗakinta na ƙarshen layi. Kwanuka suka ragu, abin da ke cikinsu ma ya ragu, amma Kaka ba ta yarda a daina ba. Ko gero muka dafa da gishiri sai an zuba an kai.

A wannan ɗaki na ƙarshen layi aka sauke wata baƙuwa. Wani dattijo mai gyaran keke a bakin titi ya zo ya roƙi Kaka makullin, ya ce 'yar ƙanwarsa ce. Mutanen daji ne suka kwashe ta daga ƙauyensu, ta daɗe a hannunsu, ta fito da yarinya goye. An tsare ta an bincika an sake ta, amma matarsa ta ce ba dai a gidanta ba. Kaka ta kwance makullin daga bakin zaninta ta miƙa masa, ba ta shawarci kowa ba.

Kafin rana ta faɗi labari ya gama layin. Ana cewa irinsu ba sa dawowa da zuciyar da suka tafi da ita. Ana cewa a can ana ba su wani abu a dabino ko a ruwa, wanda ya ci sai zuciyarsa ta juya, ya ƙi uwa ya ƙi uba, kuma suna iya sa wa wani. Annoba ake ce musu. Idan ta zo famfo mata su janye jarkokinsu, su bar mata fili kamar an share. Ba ta magana. Hausarta ma ba ta da yawa a lokacin, "wushe" kawai take cewa, sannu ke nan da yarensu, kanta a ƙasa. Ɗinkin hula take yi, mijina yana kai wa wani dillali ba tare da ya faɗi hannun da ya ɗinka ba. Mazan layinmu sun ɗora aikinta a kansu sun je masallaci, amma ruwan randarta ba wanda zai sha.

Juma'ar farko Kaka ta ce in ɗauko langa mai jan fure in zuba in kai ɗakin ƙarshe.

Na ce, "Kaka, kin ji dai abin da ake faɗa."

Ta ce, "Kunnena lafiya lau, idona ne ya tafi. Zuba."

"In ta mayar da abinci fa?"

"To da me za ta mayar, da duwatsu? Ke 'yar nan, tsoro na daji ne, kunya ta gida. Mutum yana layinmu Juma'a ta wuce bai ga kwano ba?"

Na kai. Ta karɓa da hannu biyu, ta daɗe tana kallon murfin. Bayan la'asar sai ga sallama a zaure, ƙasa-ƙasa. Ta miƙo mini langar da ɗuminta, ta juya. Na buɗe: burabusko ne da miyar yakuwa, ƙanshi kamar me. Na tsaya a zauren ina riƙe da ita. In na kai wa Kaka ta ci wani abu ya same ta, me zan ce wa ɗanta? In 'ya'yana suka sa hannu fa? In na ƙi kuma na saɓa wa surukata. Sai na yi abin da mai tsoro ke yi. Na zagaya bayan madafi na juye wa akuya, na wanke langar da toka da yashi har sau bakwai, na zuba sauran abincinmu na rana, na kai wa Kaka.

Ta ci loma ɗaya, ta tsaya, ta ci ta biyu. Ta ce, "Allah ya yi mata albarka."

Mako guda ina lura da akuyar nan. Ina duba idonta, ina sauraron kukanta ko ya canza. Ba abin da ya same ta sai ƙiba. Amma sai na ce wa kaina ai akuya ba ta da uwa da uban da za ta ƙi, ta yaya za a gane a jikinta?

Haka muka shiga. Kowace Juma'a in kai, kowace la'asar ta kawo, ni kuma in juye in dirje. Da na lura kusan kullum burabusko take yi, sai na riƙa dafa nawa tun da rana in ɓoye, yakuwa in yakuwa ce, kuka in kuka ce, don kada maganar Kaka ta saɓa da abin da aka kawo. Idan Kaka ta ji sallamarta takan ɗaga murya daga ɗaki ta ce, "'Yata, an gode, Allah ya ƙara buɗi!" Ita kuma ta amsa daga zaure, ba ta taɓa shigowa ba. Ni ina tsakani da alhaki biyu. Ga ƙarya, ga wulaƙanta abinci a lokacin da mutane ke kwana da yunwa. Na yi istigfari ba adadi. Juma'a ta zame mini ranar ciwon kai.

Kaka ba ta tsaya a gidanmu ba. Duk matar da ta shigo gaishe ta sai ta tambaye ta ko kwanonta ya je ɗakin ƙarshe. Wasu su yi dariya, wasu su ce sai mako mai zuwa. Matar mahauci, wadda bakinta ya fi wuƙar mijinta kaifi, ta ce, "Kaka, ke kin ci zamaninki kin ci na wasu, ko kin juya ina za ki je da gwiwoyin nan? Mu muna da ƙananan yara."

Kaka ta ce, "Ke da zuciyarki za ta juya ai da layin nan ya huta."

Aka yi dariya, amma kwano bai je ba. Mako mai zuwa Kaka ta sake tambaya. Ba ta taɓa yin wa'azi ba, ba ta taɓa yin fushi ba, tambayar ce kawai, kamar mai tambayar lafiyar yara. Har aka fara rage shigowa gaishe ta.

Ta kuma aika ni in gaya wa baƙuwar ta riƙa aika nata kwanon gidajen layi, tunda su ba su fara ba. Ta aika. Wani gida aka mayar mata wofi. Wani gida aka mayar da abincin yadda ya je, murfin ma ba a ɗaga ba. Na gaya wa Kaka, na ce ai wannan ƙarin baƙin ciki ne kawai. Ta ce, "Ta sake aikawa. Kwano ba ya gajiya, mai ɗauka ne ke gajiya." Ni da na faɗi maganar na fi kowa sanin cewa gara masu mayarwa a fili da ni.

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Yarinyar da aka zo da ita goye ta fara gudu, tana tsayawa daga nesa tana kallon 'ya'yanmu suna wasan gaɗa. Furen langa kuma yana ta dushewa. Na murfi ya fara tafiya, sannan na jiki ɗaya bayan ɗaya. Ni ban ma lura ba, don kullum ina ganinta.

Wata Juma'a bayan la'asar na ji sallama, amma wannan karon ba ta tsaya a zaure ba. Ta shigo har tsakar gida, 'yarta riƙe da zaninta, ƙunshin kaya a kanta, langar a hannu. Ta durƙusa a ƙofar ɗakin Kaka ta ajiye makulli a kan tabarma. Hausarta ta riga ta nuna zuwa lokacin.

Ta ce, "Kaka, na zo sallama. Allah ya saka da alheri."

"Ina za ki?"

"Inda Allah ya kai ni."

"Ba wannan na tambaye ki ba."

Ta ce, "Hanyar da na fito na san ta. A can ana duka, ana yunwa, amma in na dafa ana ci."

Mun ji labarin matan da suka koma, ba wanda ya sake jin ɗuriyarsu. Na dubi yarinyar, tana wasa da murfin langa.

Kaka ta ce, "A nan ba a ci?"

Baƙuwar ta juyo ta dube ni, karo na farko ido cikin ido. Babu fushi a fuskarta, da ma akwai da ya fi mini sauƙi. Ta ɗaga langar ta ce, "Yaya, ranar da kika fara kawo mini wannan, fure huɗu gare ta. Uwata tana da irinta, shi ya sa na ƙirga. Cin abinci ba ya goge fure. Ni ma na taɓa wanke kwanon da kare ya sa baki, na san irin wankin."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Na buɗe baki in ce wani abu, Kaka ta riga ni.

"Ke kin gani da ido, ni da harshe na gani. Shekara nawa ina cin girkin yarinyar nan? Gishirinta ma tsoro yake ji. Tun lomar farko na san hannunta ne."

Na ce, "Kaka, kin sani ba ki faɗa ba?"

"In na faɗa za ki ci ne don kunyata, ki je bayan ɗaki ki sa yatsa a maƙogwaro. Na ce bari dai kwanon ya yi ta tafiya, wata rana za ki gaji da wahalar dafa abinci biyu. Ashe ke ba ki gajiya. Ni ma laifina ne, na lissafa haƙurinki ban lissafa nata ba." Ta lalubo hannun baƙuwar ta riƙe. "'Yata, ki yafe wa tsohuwa. Ki ba ni Juma'ar nan kawai."

Sai ta ce in ɗauki tabarma in shimfiɗa a ƙofar gida, a waje, inda matan layi ke zama kitso da yamma. Muka tallafe ta, ni ta dama baƙuwar ta hagu, muka zaunar da ita. Mata na zaune, matar mahauci na cikinsu, kanta rabi a tsefe. Kaka ta wanke hannu ta yi bisimilla da ƙarfi yadda kowa zai ji, ta ci. Ta ce, "Yawwa, yau na ci miya." Ba ta ce in ci ba. Ko juyowa wajena ba ta yi ba.

Ina so in rubuta cewa tsoro ya fita daga zuciyata a lokacin, amma ba haka aka yi ba. Duk abin da aka faɗa game da dabino da ruwa yana kaina. Abin da na gani kawai shi ne ƙunshin kayan nan a gefen tabarma, da yarinyar da za a goya a koma da ita. Na sa hannu na ci. Yaji ya kama ni har na yi hawaye, na bar su suka ɗauka na yajin ne.

Matar mahauci ta ce, "La'ilaha! Wannan da ke wanke sabulu kafin ta yi wanka da shi?"

Kaka ta ce, "Ita fa. Matso ki ɗanɗana, ko kya koyi miya."

Ba ta matso ba. Ba wadda ta matso a ranar. Amma baƙuwar ta ɗauki makullinta ta koma ɗaki, ta ce za ta ga Juma'a mai zuwa.

Kwana uku ina binciken kaina kamar yadda na binciki akuya. In tashi da safe in dubi 'ya'yana in tambayi zuciyata ko har yanzu ina son su. In tuna mahaifiyata in ji ko wani abu ya canza. Na gaya wa mijina, ya yi dariya har ya ƙware, ya ce in na juya in fara sanar da shi ya kwashe hulunan mutane. Matan layi ma suna lura da ni, na sani. A famfo a riƙa ja na da hira don a ji ko maganata ta sauya.

Abin bai zo da sauri ba. Juma'a mai zuwa muka sake shimfiɗa tabarma a waje, da wadda ta biyo, da wadda ta biyo. Kaka ta ce daga yanzu a ƙofar gida za a riƙa cin abincin ɗakin ƙarshe, ko ana yayyafi. Ta ci gaba da tambayarta ga duk mai shigowa. Sai bayan watanni wata amarya da ke laulayi, ƙanshin yakuwa ya hana ta sakat, ta zo ta tsuguna ta ce a ɗan sam mata. Daga ita sai gidan malamin makaranta suka mayar da kwano da ɗan wake. Matar mahauci ta kusa zama ta ƙarshe, kuma da ta tashi aikawa har da tsoka biyu, ta ce kada a ce gidan mahauci ya yi rowa. Akwai gida ɗaya da ba su taɓa aikawa ba har suka tashi. An kashe musu ɗa a hanyar gona, ban taɓa ganin laifinsu ba, Kaka ma ba ta taɓa tambayarsu ba.

Kaka ta rasu a lokacin zafi, ana gab da azumi. Ranar sadakar uku maƙwabciyata, don tun tuni na daina ce mata baƙuwa, ita ta tsaya a kan tukunya. Duk layin suka ci, maza da mata, ba wanda ya tambayi hannun da ya dafa, ko kuma sun sani ba su damu ba. Bayan haka an kawo wasu mata biyu da suka fito daga daji, aka sauke su a gidan da ya zama kango a bayanmu. Juma'ar farko na fito da kwanona ina ta shawara a raina ko ni kaɗai ce, sai na tarar da kwanuka uku sun riga ni a ƙofarsu. Ba wanda ya yi taro, ba wanda ya ce a yi. Na so a ce Kaka tana nan in gaya mata, ta ce mini to me na ɗauka.

Maƙwabciyata ta yi shekaru a ɗakin ƙarshe. 'Yarta ta yi makaranta tare da autata, a kwano ɗaya suke ci. Daga baya maƙwabciyar tawa ta yi aure a ƙauyen Dusuman, mijin manomi ne, ta tafi da rana tsaka da rakiyar matan layi, matar mahauci tana gaba tana guɗa. Na ce ta tafi da langar, ta ƙi. Ta ce wadda ta goge ita za ta riƙe, ta riƙa gani. Da dariya ta faɗa, amma na riƙe.

Yanzu gari ya yi sauƙi, yara sun koma ɗaukar kwanuka, wasunsu ba su ma san an taɓa dainawa ba. Layin ya cika da sababbin mutane. Inyamurar ba ta dawo ba, wani tela ne a ɗakin. Idan la'asar ɗin Juma'a ta yi nakan sami kaina ina kasa kunne wajen zaure, ko zan ji sallamar nan ƙasa-ƙasa, in ji muryar tsohuwa daga ɗaki tana sa albarka a kan abincin da ta san ba shi aka kawo mata ba. Nakan tuna burabuskon da akuya ta cinye, duk waɗancan Juma'o'in, da a ce tare muka ci mu uku.

Idan mai kawo kayan miya daga Dusuman ya zo, wani lokaci maƙwabciyar tawa takan ba shi ɗaurin yakuwa ya kawo mini. Ina dafawa yadda ta koya mini. In na zo sa gishiri sai hannuna ya tsaya kamar kullum, sai in tuna, in ƙara kaɗan.